Jagorar Shiga Gasar Kimiyyar Bayanai ta Ɗaliban Jami'a: Daga Rajista Zuwa Miƙa Amsar Ƙarshe

A gasar kimiyyar bayanai, wani kamfani ko wata cibiya mai fama da matsala ce ke kwaso bayananta ta zube a gaban ɗalibai, ta ce a gina mata samfurin kwamfuta da zai yi hasashe mafi kusa da gaskiya. A Afirka, dandalin da ya fi suna a wannan harka shi ne Zindi, wanda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2018. Shi ne ya fara shirya UmojaHack Africa a 2020, gasar da aka keɓe wa ɗaliban jami'o'in nahiyar. Kalmar umoja da Swahili tana nufin haɗin kai. Akan raba gasar mataki uku: na masu tasowa, na tsaka-tsaki, da na ƙwararru. A zagayen watan Maris na 2022, ƙwararru sun yi aiki a kan maganin dafin maciji, 'yan tsakiya sun yi hasashen kuɗin da masu inshora za su nema, masu tasowa kuma aka ba su bayanan na'urorin auna gurɓatar iska na AirQo, wani shiri na Jami'ar Makerere da ke Kampala, aka ce su gano wace na'ura ce ta samu matsala. Da wannan na ƙarshen za mu riƙa buga misali, domin yana da sauƙin ganewa, kuma kusan duk tarkon da ke kama ɗalibai yana cikinsa.

Abin da za a faɗa a nan ya shafi Kaggle ma, dandalin da Google ya saya a 2017, da ƙananan gasannin da sassan kwamfuta na jami'o'i ke shiryawa. Tsarin kusan ɗaya ne.

Kafin ranar gasa

Ku haɗa tawaga tun da wuri. A Zindi yawanci mutum huɗu ne iyaka. Kada a tara abokai huɗu masu iya abu ɗaya. Ana buƙatar wanda hannunsa ya faɗa a Python, harshen rubuta manhaja, da pandas, manhajar sarrafa jadawalin bayanai, da wanda ya san lissafin ƙididdiga har zai iya cewa "wannan makin ban yarda da shi ba", da wanda zai zauna ya karanta a kan ita kanta matsalar, ko iska ce ko inshora ko noma. Na huɗu shi ne mai riƙe da littafin gwaje-gwaje, kuma shi kaɗai ke loda amsa. Aikin nasa kamar ƙarami ne, amma tawagar da kowa ke loda abin da ya ga dama takan cinye adadin lodin da aka ba ta na yini tun kafin azahar.

Kayan aiki ba su da yawa. Kwamfutar cinya mai ƙwaƙwalwar gigabait 8 ta isa ga yawancin bayanan da ke cikin jadawali. Idan hotuna ne ko dogon rubutu, a koma Google Colab ko littattafan aikin Kaggle, wato shafukan intanet da ake rubuta Python a gudanar da shi a cikinsu, inda ake samun GPU, injin lissafi mai sauri, kyauta. Colab na kyauta yana yanke zama idan an bar shi ba a taɓa ba, kuma ba ya wuce awa 12 a zama ɗaya, Kaggle kuma yana ba da wajen awa 30 na GPU a mako. Saboda haka duk abin da aka sha wahala aka samar, a adana shi a Google Drive nan take. A girka pandas da manhajojin gina samfuri, wato scikit-learn, LightGBM, XGBoost da CatBoost, a kwamfuta kwana biyu kafin gasa, a gwada su. Ranar gasa ba ranar jiran saukar da manhaja ba ce da intanet mai tafiyar hawainiya. A tanadi layin waya na kamfani biyu daban, a cika caji, a san inda za a koma idan an ɗauke wuta.

Sannan ku yi atisaye da tsohuwar gasa guda ɗaya, daga farko har ƙarshe, da agogo a gabanku. Zindi da Kaggle duk suna barin wasu gasanni a buɗe don koyo.

Awa ta farko: karatu kawai

Idan aka buɗe gasa, za ku tarar da fayil uku. Train.csv na ɗauke da bayanai tare da amsoshinsu, da shi ake horar da samfuri. Test.csv bayanai ne ba amsa, su za ku yi wa hasashe. SampleSubmission.csv kuma yana nuna ainihin fasalin da amsarku za ta ɗauka: sunayen ginshiƙai, da adadin layuka, da jerin lambobin shaida.

Kafin a rubuta layi ɗaya na Python, a karanta ƙa'idoji da babbar murya, kowa yana ji. Sau nawa aka yarda a loda amsa a yini, sau nawa gaba ɗaya? An yarda a shigo da bayanai daga waje? An yarda da samfuran da aka riga aka horar? Gasannin Zindi da yawa sun hana manhajojin da ke gina samfuri da kansu, kuma suna sharɗanta kayan aikin da kowa zai iya samu kyauta. Wanda ya karya ɗaya daga ciki, ko shi ne a saman allon maki, za a cire shi.

Daga nan sai ma'auni, wato dabarar da za a yi amfani da ita wajen ba ku maki. Nan ne ya kamata a daɗe, domin kowane ma'auni da irin kuskuren da yake hukuntawa.

Idan ana ƙirga yawan amsoshin da aka dace ne kawai, a duba rabon amsoshin tukuna. A ce a cikin kowace na'ura 100, guda 95 lafiyarsu ƙalau. Samfurin da zai ce "duk lafiya" ba tare da ya koyi komai ba zai ci kashi 95 cikin ɗari. Don haka 95 ɗin nan ita ce sifilinku, daga samanta ake fara ƙirga ƙoƙari. Idan F1 ne, ma'aunin da ke duba lalatattun da kuka gano tare da ƙararrawar ƙaryar da kuka yi, to inda kuka sa iyakar yanke hukunci, wato yiwuwar da daga ita ake cewa "ta lalace", yana da tasiri sosai: ba dole ba ne 0.5 ta fi, a gwada daga 0.2 zuwa 0.7 a ga inda makin ya fi tashi. Ma'aunin AUC ba ruwansa da iyaka, jeri yake dubawa, wato ko lalatattun sun zo sama da masu lafiya, don haka a miƙa masa yiwuwa kamar 0.83, kada a mayar da ita 0 ko 1. Ma'aunin log loss kuwa maƙiyin cika baki ne. Idan samfurinku ya ce yana da tabbacin 0.999 kuma ya kuskure, tararsa a wannan layin kusan 6.9 ce. Da 0.6 ya ce, da tarar ba ta wuce 0.92 ba. Ma'aunin RMSE, na hasashen lambobi, yana ninka kuskure da kansa, shi ya sa kuskuren 10 guda ɗaya yake da nauyin kurakurai ɗari masu girman 1. A irin wannan gasa, manyan lambobin da suka fita daga sahu su ne ke cin maki. MAE, mai ɗaukar matsakaicin girman kuskure kawai, bai tsananta musu haka ba.

Ku san abin da lambobin ke nufi

A bayanan AirQo, kowane layi yana ɗauke da lokacin awo, da karatun na'urori biyu masu auna PM2.5, da zafi, da laimar iska. PM2.5 ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi ne da faɗinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba, irin waɗanda ke shiga can cikin huhu. Duk wanda ya taɓa shaƙar hazon hunturu a Kano ko Zinder ya san su, ko bai san sunan ba.

Ɗalibin da ya tsaya ya tambayi kansa me ya sa aka sa na'ura biyu a akwati ɗaya, ya riga ya gano rabin amsar. Iska ɗaya suke shaƙa, ya kamata karatunsu ya yi kusa da juna. Idan sun saɓa, akwai magana. Ke nan siffar da ta fi kowace amfani, wato ginshiƙin bayanin da samfuri zai koya daga gare shi, ba ta cikin fayil ɗin, ku za ku ƙirƙire ta: bambancin karatun biyu, da rabon ɗaya a kan ɗaya. Rabon yana da muhimmanci domin tazarar 5 tsakanin 10 da 15 babba ce, amma tsakanin 200 da 205 ba komai ba ce. Wanda ya ƙara karatu kaɗan kuma zai gano cewa na'urori masu araha da ke aiki da haske sukan ƙara gishiri idan laima ta yi yawa, saboda ƙwayoyin suna shan ruwa su kumbura. Sai ya haɗa laima da bambancin ya fitar da wata siffar. Minti talatin na irin wannan tunanin ya fi awa uku na murɗa saitin samfuri.

Bayan haka a bi bayanan da ido. A duba adadin layuka da ginshiƙai, da yawan gurabun da ba komai a kowane ginshiƙi, da layukan da aka maimaita, da lambobin da hankali ba zai ɗauka ba, kamar laima sama da 100 ko shekarun mutum 0 a takardar inshora. Wasu cibiyoyin suna rubuta -999 ko 0 a inda ba su da bayani, kuma idan ba a lura ba samfuri zai ɗauke su a matsayin awo na gaske. Game da gurabe, kada a yi saurin cike su da matsakaici. Rashin karatu daga na'ura kansa alama ce. A buɗe sabon ginshiƙi mai nuna "nan babu", a bar LightGBM ko XGBoost su ji da sauran, domin sun iya aiki da gurbi.

Gwajin cikin gida, wanda shi ne zuciyar aikin

Allon makin da kuke gani lokacin gasa ba da duk Test.csv ake lissafa shi ba. Wani yanki ne kawai, sau da yawa ƙarami. Ragowar an ɓoye shi sai an rufe gasa, kuma da shi ake fitar da zakara. Shi ya sa ake ganin tawagar da ta kwana a matsayi na uku ta wayi gari a na sittin.

Ga dalilin a lissafe. A ce layuka 1,000 ne a allon fili, samfurinku kuma yana dacewa kashi 90 cikin ɗari. Sa'a kaɗai tana iya ɗaga makin ko ta sauke shi da kusan maki ɗaya cikin ɗari. To idan kun canja wani abu makin ya tashi daga 90.1 zuwa 90.4, layuka uku ne kacal suka sauya. Wanda ya loda amsa hamsin yana zaɓen wadda ta fi a allo, ba samfuri mafi kyau yake zaɓa ba, wanda ya fi sa'a a waɗannan layuka dubu yake zaɓa. A ɓoyayyen allo sa'ar ba za ta bi shi ba.

Maganin shi ne gwajin karɓa-karɓa. A raba Train.csv kashi biyar. A horar da kashi huɗu, a gwada a kan na biyar, a rubuta maki. A sauya wanda aka ware, a maimaita har kowane kaso ya yi zaman gwaji sau ɗaya. Matsakaicin makin biyar shi ne alƙalinku, tazarar da ke tsakaninsu kuma tana gaya muku girman canjin da ya kamata ku ɗauka da muhimmanci. Idan kason suna bambanta da 0.01, ƙarin 0.002 ba ci gaba ba ne.

Amma yadda aka yi rabon shi ne komai, kuma a nan yawancin ɗalibai ke zamewa. Ƙa'idar ita ce ku raba bayananku kamar yadda masu gasa suka raba Train da Test. Idan wani nau'in amsa ya yi ƙaranci, a yi amfani da StratifiedKFold don kowane kaso ya samu rabonsa. Idan abu ɗaya yana da layuka da yawa, kamar na'ura ɗaya ko majiyyaci ɗaya ko gona ɗaya, kuma waɗanda ke Test baƙi ne, a yi amfani da GroupKFold don kada na'urar ta fito a horo ta sake fitowa a gwaji. In ba haka ba samfurin zai haddace na'urar ne, ya ba ku makin ƙarya. Idan kuma Test ya zo bayan Train a lokaci, a horar da watannin farko a gwada da na ƙarshe. Rabon kan-mai-uwa-da-wabi a bayanan lokaci yana sa karatun ƙarfe 10:00 ya shiga horo, na 10:05 ya shiga gwaji, kuma kusan abu ɗaya ne. Layi biyu na pandas da za su nuna ranar farko da ta ƙarshe a kowane fayil sun isa su gaya muku halin da kuke ciki.

Akwai wata dabara ta gano ko Train da Test jinsi ɗaya ne. A haɗe su, a sa wa na farko alamar 0, na biyu 1, a horar da samfuri ya bambance su. Idan AUC ya tsaya kusa da 0.5, ya kasa, wato iri ɗaya ne, hankali kwance. Idan ya haura 0.8, a duba ginshiƙan da ya dogara da su, domin su ne suka sauya, kuma su ne za su iya kayar da ku.

Sai yoyo, wato amsa ta sulale ta shiga bayanan horo ta bayan gida. Yakan faru ne idan an lissafa matsakaici ko an daidaita lambobi da dukan bayanai kafin a raba, ko an musanya sunan gari da matsakaicin amsar garin ba tare da an ware kason gwaji ba, ko an ninka layukan nau'in da ya yi ƙaranci da SMOTE kafin rabo. Duk irin wannan aiki a cikin kowane kaso ake yinsa, kuma Pipeline na scikit-learn don haka aka yi shi. Alamar yoyo ba ta ɓuya: makin gida 0.99, na allo 0.80. Idan maki ya yi kyau fiye da kima, a fara da zargi kafin murna.

Gina samfuri

A cikin awa biyu na farko a loda amsa mafi sauƙi, ko da matsakaici ne kawai. Manufar ita ce a tabbatar fasalin fayil ɗin ya karɓu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da index=False wajen adana fayil, sai pandas ya ƙara ginshiƙin da ba a nema ba. Na biyu shi ne jerin layuka ya hargitse bayan haɗa jadawali, amsar wani ta koma kan lambar wani.

Ga bayanan jadawali, a tafi kai tsaye ga LightGBM ko CatBoost. CatBoost ya fi sauƙi idan ginshiƙan sunaye sun yi yawa, irin su jiha, sana'a, nau'in mota. A LightGBM, wanda ke gina jerin tambayoyi masu rassa da ake kira bishiyoyi, a fara da learning_rate 0.05, num_leaves 31, bishiyoyi har 2,000, tare da umarnin tsayawa idan an yi zagaye 100 makin gwaji bai gyaru ba. Idan makin horo yana ta hawa na gwaji yana sauka, samfurin ya koma hadda ba fahimta. A rage ganyaye, a ƙara min_child_samples, ko a sa kowace bishiya ta ga kashi 80 cikin ɗari na ginshiƙai kawai. A ra'ayinmu, neman cikakken saiti da manhajar Optuna aikin awannin ƙarshe ne. Abin da yake ƙarawa kaɗan ne idan aka kwatanta da siffa ɗaya mai ma'ana.

A canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, mai littafi ya rubuta: lambar gwaji, abin da aka canja, makin gida, makin allo idan an loda. Bayan gwaji goma za ku ga ko makin biyu suna tafiya tare. Idan suna tafiya tare, madalla. Idan ba sa yi, a koma a binciki rabon kafin a ci gaba.

Idan ƙwaƙwalwa ta cika, lissafin a fili yake: layuka miliyan ɗaya da ginshiƙai 100 a float64 sun kai megabait 800. Mayar da su float32 yana raba nauyin biyu.

Can kusa da ƙarshe a haɗa samfura. Matsakaicin hasashen LightGBM da CatBoost da XGBoost yakan fi kowannensu shi kaɗai, muddin ba kuskure iri ɗaya suke yi ba. A gwada haɗin a kan hasashen karɓa-karɓa, kada a zaɓi nauyinsa da allon fili.

Awannin ƙarshe

A daina ƙirƙirar sabon abu awa biyu kafin rufewa. Dandali yakan yi nauyi a mintunan ƙarshe saboda kowa na lodi, kuma agogon gasa sau da yawa na GMT ne, wanda Najeriya da Nijar ke gaba da shi da awa ɗaya. A duba wannan tun farko.

Yawanci ana ba ku damar zaɓar amsa biyu da za a auna a ɓoyayyen allo. Ɗaya ta zama wadda ta fi maki a gwajin gida, ko da a allon fili tana ƙasa. Ta biyu za ta iya zama wadda ta fi a allo, in dai makinta na gida ma ba laifi. Idan ba ku zaɓa ba, dandalin zai ɗauki waɗanda suka fi a allon fili, wato waɗanda aka fi zargi da sa'a.

Waɗanda suka zo sama za a nemi su miƙa umarnin kwamfutar da suka rubuta cikin ɗan gajeren wa'adi, a sake gudanar da su a ga ko za su haifar da makin nan. Tawagogi kan rasa kyauta a wannan mataki. Don haka tun daga farko a kafa random_state a duk inda ake rabo ko horo, a rubuta sigar kowace manhaja a requirements.txt, a cire hanyoyin fayil da suka dogara da kwamfutar mutum ɗaya. Littafin aikin da aka yi ta tsalle a cikinsa, a gudanar da sashe na 40 kafin na 12, ba zai sake ba da amsa ɗaya ba. Kafin a miƙa, a sake kunna shi daga tushe, a gudanar da shi daga sama har ƙasa a kwamfutar wani ɗan tawaga, a kwatanta fayil ɗin da ya fito da wanda aka loda.

Idan gasar tana da zagayen gabatarwa a gaban alƙalai, su ba lamba ta huɗu bayan ɗigo ce ta dame su ba. Mai kula da na'urorin iska yana son ya ji: a cikin na'urori goma da samfurin ya ce sun lalace, nawa ne suka lalace da gaske, tunda kowace ƙararrawar ƙarya ma'aikaci ne zai hau babur ya ƙona mai ya je ya tarar da na'ura lafiya lau? Nawa ne kuma suka lalace samfurin bai gani ba, suna ta aika karatun banza? A nuna wannan a jadawali mai gida huɗu, a faɗi siffofi ukun da suka fi tasiri da dalilinsu, a kuma faɗi inda samfurin ke rauni, misali idan da bayanan damina kaɗai aka horar da shi, ba a san yadda zai yi da rani ba sai an gwada. Shafukan gabatarwa biyar ko shida sun isa, kuma wanda ya karanci matsalar tun awa ta farko shi ya kamata ya riƙe makirufo.